Sharhi na kan shafin ProCon: zai jera maka hujjar kowa, amma a kula da maganar waye doka ta ba ƙuri'a

Jama'a duk mai bibiyar siyasar Amurka ya san yadda maganar waye ya cancanci kaɗa ƙuri'a ta zama abin rigima a ƙasar, duk zaɓen da ya zo sai an tayar da ita, wannan ya ce ana barin waɗanda ba su cancanta ba suna zaɓe, wancan ya ce a'a waɗanda suka cancanta ne ma ake hanawa, kai kuma da kake gefe kana son ka fahimta sai ka rasa wa za ka saurara tunda kowa gidan talabijin ɗinsa daban jaridarsa daban. Shi ya sa na ga ya dace in yi sharhi a kan shafin nan na intanet mai suna ProCon, don aikinsa kenan kacokan, ya ɗauko batun da ake jayayya a kai ya kawo maka abin da masu goyon baya suke faɗa da abin da masu adawa suke faɗa, ya bar ka da hankalinka. Ina amfani da shi sosai kuma ina ba mutane shawarar su leƙa, amma akwai inda nake ganin mai karatu zai iya zamewa idan bai yi hattara ba, kuma a kan maganar ƙuri'ar ne abin ya fi fitowa fili.

Ga wanda bai san shi ba, wani ɗan kasuwa ne mai suna Steven Markoff ya kafa shi a 2004 a jihar Kalifoniya a matsayin ƙungiya mai zaman kanta wadda ba neman riba take ba, sannan a 2020 kamfanin Britannica, masu babban kundin ilimin nan, suka karɓe shi, yanzu a ƙarƙashin shafinsu yake. Karatu kyauta ne. Batutuwan suna da yawa, mallakar bindiga, hukuncin kisa, zubar da ciki, halatta tabar wiwi, har da irin su ko ya kamata a tilasta wa ɗalibai sa yunifom. A ɓangaren zaɓe kuma biyun da na fi zama a kansu su ne na mutanen da aka taɓa yanke wa hukunci kan babban laifi, da na rage shekarun zaɓe zuwa 16.

Tsarin ba wuya. Kana buɗe batu za ka ga tambaya a sama, sai ɗan tarihin yadda maganar ta samo asali, sai hujjojin masu cewa e an jera su ɗaya biyu uku, sai na masu cewa a'a su ma haka, kuma kusan kowace magana da 'yar lamba a jikinta wadda idan ka bi za ta kai ka inda aka samo ta. A ƙasa akwai tambayoyin tattaunawa irin na aji, don malaman makaranta suna cikin waɗanda suka fi amfani da shi. Waɗannan 'yan lambobin ni a wajena su ne rabin darajar shafin, saboda mun saba da mutum ya ce "bincike ya nuna" shikenan ya wuce, ba wanda zai tambaye shi wane bincike, waye ya yi, yaushe.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba sa kawo maka hujjar ɓangare a lalace. Kun san yadda muke yi ai, idan za ka faɗi ra'ayin wanda ba ka so sai ka zaɓo mafi raunin maganarsa ko maganar mafi wautar mabiyansa ka ce ga abin da suke cewa nan, ka rushe ta cikin minti ɗaya ka ji daɗi. To waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma nan suna ƙoƙarin kawo maganar yadda masu ita za su ji su ce e haka muke nufi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne wallahi, don ba za ka ce ka auna magana biyu ba alhali ɗaya ka ji ta daga bakin maƙiyinta ne kawai.

Bari in ɗauki na masu babban laifi don a ga abin a aikace. Masu cewa a mayar musu da ƙuri'a suna cewa mutum ya yi laifi, kotu ta yanka masa shekaru, ya gama, ya fito yana aiki yana biyan haraji 'ya'yansa suna makarantar gwamnati, to a kan me za a ci gaba da hukunta shi da abin da alƙali bai faɗa ba a ranar hukunci? Suna ƙarawa da cewa idan ana so mutum ya koma cikin al'umma ya zama na kirki, ba a fara da ce masa ba shi da bakin magana a cikinta. Sannan ga tarihi, wanda shi ne mai nauyin gaske: bayan gyaran kundin tsarin mulki na 15 a 1870 ya hana a hana mutum zaɓe saboda launin fatarsa, wasu jihohin kudu sun zauna sun tsara dokokinsu ta yadda za su cire baƙar fata ta bayan gida, Mississippi a kundinta na 1890, Alabama a nata na 1901, suka zaɓo laifukan da suke ganin baƙar fata aka fi kamawa da su suka ce duk wanda ya aikata ya rasa ƙuri'a. Wannan ba zargi ba ne kawai, kotun ƙolin Amurka da kanta a 1985 ta soke wancan sashe na Alabama saboda ta tabbatar da niyyar wariya aka rubuta shi.

Su kuma ɗaya ɓangaren ba wai mugunta ce kawai take ɗawainiya da su ba kamar yadda ake yawan nunawa. Suna cewa wanda ya karya doka da gangan, musamman babba irin kisa ko fyaɗe, ya nuna bai damu da yarjejeniyar zaman tare ba, don haka ba zalunci ba ne a ce sai ya nuna ya gyaru kafin ya sa hannu wajen zaɓen masu yin doka da masu gabatar da ƙara da alƙalai, tunda a jihohi da yawa na Amurka har waɗannan zaɓensu ake yi. Suna cewa fitowa daga gidan yari ba shi ne gama hukunci ba, akwai sakin talala, akwai diyyar da kotu ta ce a biya wanda aka cuta, shi ma wanda aka cutar ai mutum ne. Kuma suna da madogara a kundin tsarin mulki, don sashe na 2 na gyara na 14 ya ambaci hana zaɓe saboda tawaye ko wani laifi, a kansa ne kotun ƙoli ta tsaya a 1974 a shari'ar Richardson da Ramirez ta ce jihohi suna da ikon yin hakan. Ni dai ra'ayina wanda ya gama zamansa a mayar masa da ƙuri'arsa ba tare da sai ya je roƙon gwamna ba, kuma ban ɓoye ba, amma bayan na karanta nasu ba zan iya cewa ba su da abin faɗa ba, maganar diyyar wanda aka cuta musamman ta tsaya min a rai.

Akwai wani abu a wannan batun da ya kamata a yaba musu, wato jadawalin da suka yi na dokar kowace jiha. Domin abin da mutane da yawa ba su sani ba, Amurka ba ta da doka ɗaya tal a kan wannan, kundin tsarin mulkinsu ya bar wa jihohi mafi yawan ikon faɗin waye zai yi zaɓe, gyare-gyaren da aka yi daga baya iyaka kawai suka sa: ba a hanawa saboda launin fata, ba a hanawa saboda mace ce tun 1920, ba a sa harajin ƙuri'a a zaɓen tarayya tun 1964, ba a hana wanda ya kai 18 saboda shekaru tun 1971. Sauran kuma kowace jiha da nata. A Maine da Vermont mutum yana cikin gidan yarin ma yana zaɓe, babban birnin ƙasar ya bi sahunsu a 2020. A jihohi da dama ranar da ka fito ranar ƙuri'arka ta dawo, Minnesota ta koma haka a 2023. Wasu sai ka gama sakin talala. Wasu kuma akwai laifukan da sai an yi maka afuwa ta musamman. Mutum biyu laifi ɗaya hukunci ɗaya, ɗaya yana zaɓen shugaban ƙasa ɗaya ba ya yi, bambancinsu kawai layin iyakar jiha. Ƙungiyar Sentencing Project, mai bincike kan hukunci da gidajen yari a Amurka, ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 6.1 ne irin waɗannan dokokin suka hana zaɓe a 2016, ya sauko zuwa wajen miliyan 4 a 2024 saboda jihohin da suka sassauta.

To a nan ne zan kawo babban abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhin. Tambaya biyu ce fa ake cakuɗawa, kuma tsarin jera hujja gefe da gefe ɗaya kawai ya dace da ita. Akwai tambayar waye YA KAMATA ya yi zaɓe, wannan muhawara ce, mutanen kirki masu hankali za su iya saɓawa a kanta har abada, nan ProCon yake da amfani sosai. Akwai kuma tambayar waye doka TA BA damar zaɓe yau a wuri kaza, wannan ba ta da ɓangare biyu, amsa ɗaya ce, tana rubuce, ko ka so ko ka ƙi. Wanda ya saba da ganin komai a layi biyu sai ya fara ɗauka ita ma ta biyun ra'ayi ce, kuma wannan kuskuren ba a kan allo yake ƙarewa ba, a kotu yake ƙarewa.

Dubi abin da ya faru a Filorida. A 2018 mutanen jihar suka kaɗa ƙuri'a, sama da kashi 64 cikin 100 suka amince a mayar wa waɗanda suka gama hukuncinsu 'yancin zaɓe, ban da masu laifin kisa da manyan laifukan lalata, aka yi ta murna ana cewa mutum kusan miliyan 1.4 za su amfana. Shekara na zagayowa a 2019 majalisar jihar ta yi doka cewa gama hukunci ya haɗa da biyan duk tara da kuɗin kotu da diyya, aka je kotu, a 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta bar dokar a tsaye. Matsalar ita ce mutane da yawa ba su ma san nawa ake bin su ba, ba wani ofis ɗaya da za ka je a buɗe littafi a gaya maka. Sai ga shi a 2022 an sanar da kama mutum 20 da aka ce sun yi zaɓe ba su cancanta ba, da yawansu kuma suna cewa ai an yi musu rajista har an ba su katin zaɓe, su sun ɗauka shikenan. A Tekzas ma akwai wata mata da ta cike takardar ƙuri'ar wucin gadi, wadda ake ajiyewa sai an tabbatar mutum ya cancanta kafin a ƙirga, a 2016 tana cikin sakin talala na tarayya, ƙuri'ar ma ba a ƙirga ta ba, aka yanke mata shekara 5, sai a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin bayan ta kwashe shekaru tana fama. Irin waɗannan mutanen abin da suke buƙata a ranar ba muhawara ba ce, wani suke buƙata ya ce musu kai ka cancanta, ke ba ki cancanta ba tukuna, ga dalili. Don haka duk wanda yake zaune a Amurka ko yake da ɗan'uwa a can, don Allah kada ya dogara da ProCon ko wani shafi irinsa wajen sanin ko shi kansa zai iya zaɓe, jadawalin nan ya ɗauke shi a matsayin mafari, ya je ya tabbatar a ofishin zaɓen jiharsa ko na gundumarsa, tunda dokokin suna canzawa, wani lokacin gwamna ɗaya ne zai sa hannu a takarda komai ya juya, kamar yadda aka yi a Kentucky a 2019 da Iowa a 2020.

Haka maganar waɗanda ba 'yan ƙasa ba, wadda ita ce aka fi ihu a kanta yanzu. A zaɓen tarayya, wato na shugaban ƙasa da 'yan majalisun tarayya, ɗan ƙasa ne kawai yake zaɓe, akwai dokar 1996 da ta mai da shi laifi ga wanda ba ɗan ƙasa ba, ga ɗauri ga tara ga kora daga ƙasar. Mai katin zama na dindindin, girin kad ɗin nan, ko ya shekara talatin yana biyan haraji ba ya ciki sai ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Wannan ba ra'ayin wata jam'iyya ba ne, doka ce. Abin da yake rikita mutane shi ne wasu 'yan garuruwa sun ba baƙi damar zaɓen ƙaramar hukumarsu kawai, Takoma Park a jihar Maryland tun farkon shekarun 1990, San Francisco a zaɓen hukumar makarantu ga iyayen yara, birnin New York ma ya yi dokar a 2021 amma babbar kotun jihar ta soke ta a 2025. Ko ya kamata baƙon da yake zaune a gari yana biyan haraji ya zaɓi kansila, wannan tambaya ce mai kyau da za a iya jera mata hujja ta kowane gefe, kuma tana da tarihi don a ƙarni na 19 jihohi da yawa suna barin baƙi su yi zaɓe, Arkansas ce ta ƙarshe da ta daina a 1926. Amma ko baƙi suna tururuwa suna zaɓen shugaban ƙasa, wannan abu ne da ake ƙirgawa. Jihar Jojiya, wadda ɗan jam'iyyar Republican ne yake kula da zaɓenta, ta binciki rajistarta a 2024 ta samu mutum 20 waɗanda ba 'yan ƙasa ba a cikin miliyan 8.2. Wanda ya ce ko mutum ɗaya ne ya yi yawa, a ƙara tsaurara bincike, ya kawo hujjar da za a saurara, ni ma ina ganin amincewar jama'a da zaɓe abu ne mai tsada. Wanda ya ce miliyoyi ne kuma sai ya kawo lissafi, ba a ba shi rabin fili don kawai a nuna adalci.

Wannan ya kai ni ga rauni na biyu, wanda a jikin tsarin yake, ba wai ma'aikatan shafin sun yi ganganci ba. Idan kullum hujja uku ce nan uku can, tsawonsu kusan ɗaya, ido zai gaya maka kunnen doki aka yi. Alhali buhu biyu za su iya zama girmansu ɗaya, ɗaya auduga ce ɗaya tsakuwa, sai ka ɗaga za ka sani. Shafin ba ya ɗaga maka, da gangan ma suka ƙi, don suna ganin ranar da suka fara cewa wannan ta fi wannan ranar rabin masu karatu za su gudu, kuma na fahimce su. Sai dai hakan yana nufin aikin awon yana wuyanka. Abin da nake yi shi ne kowace hujja na karanta sai in tambayi kaina, wannan magana ce ta abin da ya faru wadda za a iya bincikawa, ko magana ce ta abin da mutum ya fi daraja? Idan ta farko ce sai in bi 'yar lambar nan in ga waye ya faɗa, jami'a ce ko hukuma ko kotu ko kuwa wani mai sharhi ne a jarida yake faɗin son ransa, don duk za ka same su a ciki kuma a kan allo kamarsu ɗaya. Idan ta biyu ce to ba bincike da zai raba gardamar, sai dai ka tambayi zuciyarka wanne ka fi ba muhimmanci, kuma ka yarda wanda ya zaɓi ɗayan ba lallai mugu ba ne.

Batun shekara 16 ya nuna wannan sarai. Ɗaya daga cikin hujjojin masu adawa ita ce yawancin Amurkawa ba sa goyon bayan a rage shekarun. To gaskiya ne ƙuri'un jin ra'ayi suna nuna haka, amma wannan yana gaya maka abin da mutane suke so ne, bai gaya maka ko ɗan 16 zai iya zaɓe da hankali ba, kuma waɗanda ake tambaya ɗin su ne masu ƙuri'ar a hannu. A gefe guda hujjar da ta fi ƙarfi a wajena daga masu adawa ita ce ta daidaito: ƙasar da ta ce sai 21 za ka sayi giya, ta mai da taba ma 21 a 2019, kotun ƙolinta ta hana hukuncin kisa ga wanda ya yi laifi yana ƙasa da 18 a 2005 bisa dalilin cewa hankalin yaro bai gama nuna ba, ta yaya za ta juyo ta ce amma ya nuna wajen zaɓen shugaba? Masu goyon baya suna da amsa, kuma amsar ba ta wasa ba ce, masana halayyar ɗan Adam irin su Laurence Steinberg sun bambanta shawarar da ake yankewa cikin natsuwa, wadda suke cewa a wajen 16 ta kai ta manya, da wadda ake yankewa cikin zafin rai ko zugar abokai, wadda ita ce take jinkirin nuna, zaɓe kuma ana sanin ranarsa tun da watanni. Ga kuma ƙasashen da suka gwada, Burazil tun 1988, Ostiriya tun 2007, Ajantina 2012, Sikotilan a ƙuri'ar raba gardamarsu ta 2014, kuma binciken da aka yi a Ostiriya ya nuna 'yan 16 da 17 sun fi 'yan 18 zuwa 20 fitowa zaɓe, dalilin da ake bayarwa shi ne suna gida gaban iyaye suna makaranta, ba su shiga hidimar tashi daga gari zuwa gari ba tukuna. Ka ga wannan ita ce muhawara ta gaske, hujja tana amsa hujja. A shafin kuwa kowace tana tsaye ita kaɗai a layinta, ba kasafai za ka ga inda aka ce ga amsar wancan ga wannan ba, kai ne za ka ja zaren ka haɗa. Da za su ƙara abu ɗaya da na roƙi wannan.

Kuma kada a manta ita kanta 18 ɗin da ake gani kamar daga sama ta faɗo, da can 21 ce, Jojiya ce ta fara saukowa a 1943 lokacin yaƙin duniya, sai yaƙin Biyetnam ya zo ana kwasar 'yan 18 ana kai su fagen daga alhali ba su da ikon zaɓen wanda ya tura su, a 1971 aka yi wa kundin tsarin mulki gyara na 26 da ya sauko da shekarun zuwa 18 cikin kusan kwana 100, ba a taɓa amincewa da wani gyara da sauri haka ba. Abin da yake doka yau muhawara ne jiya, shi ya sa ban ce a daina muhawarar ba, cewa na yi a san wacce ake yi.

Wani abin lura kuma shi ne yadda ake gina tambayar tun daga sama. A batun masu laifi, idan ka tambayi mutane ko wanda YA GAMA hukuncinsa ya yi zaɓe, amsar da za ka samu daban da idan ka ce ko fursunan da yake ɗaure yanzu ya yi zaɓe. Wanda ya zaɓi tambaya ya riga ya shata filin da za a yi kokawar, duk adalcin da zai yi daga baya a cikin wannan filin ne. Wannan ba laifin ProCon kaɗai ba ne, dole a zaɓi wata tambaya, amma mai karatu ya riƙa tsayawa a kanta kafin ya gangara ƙasa. A wasu ƙasashen ma ta biyun ce ake yi, wato ta fursunan da yake ɗaure, kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta tabbatar wa fursunoni ƙuri'a a 1999, kotun ƙolin Kanada a 2002, kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai kuma ta ce wa Birtaniya a 2005 hana duk fursunoni a dunƙule bai halatta ba, abin da ya jawo taƙaddama ta shekaru.

Sauran ƙananan abubuwa: da Turanci yake, kuma Turancin ba mai tsauri ba ne sosai tunda ɗaliban sakandare ake nufi, amma kalmomin shari'a suna nan, wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai ɗan sha wuya. Kusan komai ta fuskar Amurka ake kallonsa, sauran duniya sai dai a kawo ta a matsayin misali. A waya yana buɗewa lafiya, sai dai da yake hujjojin suna bin juna ne daga sama zuwa ƙasa, akwai haɗarin ka karanta na ɓangaren farko ka gaji ka rufe, ka tafi da rabin magana kana ganin ka ji duka. Ni shawarata ka fara da ɓangaren da ba ka so, lokacin da kanka yake da sauran ƙarfi.

Wa zan ce ya yi amfani da shi? Ɗalibi mai shirin muhawara, malami, ɗan jarida da zai yi rahoto kan zaɓen Amurka yana son ya san me kowane gefe yake nufi kafin ya buɗe baki, da duk wanda ya lura cewa ya daɗe bai ji hujjar abokin hamayyarsa daga bakin mai ita ba. A tauraro biyar ina ba shi huɗu, ɗayan na riƙe ne saboda rashin haɗa hujja da amsarta da kuma yadda layi biyun yake sa komai ya yi kama da kunnen doki. Wanda kuma tambayarsa ita ce shin ni zan iya zaɓe a watan Nuwamba, ofishin zaɓen jiharsa zai tuntuɓa, ya nemi amsar a rubuce, kuma ya yi da wuri don jihohi da yawa suna rufe rajista makonni kafin ranar zaɓe.